Vinicunca ko Palccoyo: wane dutse mai launuka za ka hau daga Kusko?

Baƙo ba ya gama zaga dandalin Plaza de Armas da ke tsakiyar Kusko, tsohon birnin sarautar Inka a kudancin Peru, sai an miƙo masa takarda mai hoton dutse mai ratsin ja da kore da rawaya, ana ce masa mota za ta tashi gobe kafin asuba. Duwatsu biyu ne aka fi kai mutane a yini ɗaya. Akwai Vinicunca, wanda shi ne a yawancin hotunan, mutanen ƙasar na kiransa Montaña de Siete Colores, wato dutse mai launi bakwai, sai kuma Palccoyo da bai kai shi suna ba. Dukansu suna kudu maso gabas da birnin, wajen kilomita 100 ko fiye, ana fita da duhu a dawo da yamma, kuma kuɗin zuwansu bai yi nisa da juna ba. Inda suka rabu shi ne irin aikin da kowanne ke ba huhu da ƙafa. Saboda haka abu biyu ne ya kamata su yanke maka hukunci: kwana nawa ka yi a tudu kafin ranar hawa, da kuma lafiyar wanda ya fi kowa rauni a cikin ayarinku.

Tsayin wurin shi ne maganar farko

Kusko kanta tana kan mita 3,400 daga doron teku. Chappal Waddi da ke jihar Taraba, wanda babu dutsen da ya kai shi tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne, wato kana zaune a ɗakin otal ɗinka a Kusko ka riga ka ɗara ƙololuwarsa da kusan mita 1,000. Inda ake tsayawa a kalli Vinicunca ya haura mita 5,000 kaɗan, na Palccoyo kuwa wajen mita 4,900 ne. A irin wannan tsayi, numfashi ɗaya na kawo wa jiki kusan rabin oksijin ɗin da yake samu a bakin teku. Yawancin baƙi kuma ta jirgi suke shigowa daga Lima, babban birnin ƙasar da ke bakin teku, cikin kimanin awa ɗaya da rabi, jiki bai samu damar sabawa ba.

Abin da ke biyo baya shi ne ciwon tudu, wanda a can ake ce wa soroche: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, rashin cin abinci da kasala. Ba ya duba ƙarfi. Matashi ɗan ƙwallo na iya kwanciya, dattijo ya wuce lafiya. Mai sauƙinsa yakan lafa cikin kwana ɗaya zuwa biyu in an huta ba a ƙara hawa ba. Mai tsananinsa kuwa yana kisa, domin ruwa na iya taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura. Alamominsa su ne haki ko da mutum na zaune, tari mai kumfa, tangaɗi da ruɗewar magana. In aka ga ɗaya daga cikinsu, a sauko da mutum nan take a nufi asibiti, kada a tsaya jiran sauran ayari.

Akwai abin da takardun talla ba sa faɗa, kuma ya shafi mutanenmu sosai. Mai ciwon sikila bai kamata ya je ko ɗaya daga cikin duwatsun nan ba, ita kanta Kusko ma sai da izinin likitansa, domin ƙarancin oksijin na tayar da ciwon. Mai AS da ke zaune lafiya a gida shi ma ba a bar shi a baya ba: an san tudu mai tsayi na iya toshe jini a saifarsa, abin da ke zuwa da ciwo mai tsanani a saman ciki ta hagu. Wanda bai san rukuninsa ba ya gwada kafin ya sayi tikiti. Haka mai ciwon zuciya ko na huhu, da mai hawan jinin da bai daidaita ba, da mace mai ciki, su fara da ganin likita.

Likitoci kan rubuta acetazolamide, wanda aka fi sani da Diamox, galibi miligiram 125 sau biyu a rana, a fara kwana ɗaya kafin hawa tudu. Yana sa yawan fitsari da jin yam-yam a yatsu, kuma wanda magungunan sulfa ba sa karɓarsa ya faɗa wa likita. Maganin na taimakawa, amma ba ya maye gurbin kwanakin sabo. Kwana biyu cikakku a Kusko shi ne mafi ƙaranci, uku ya fi.

Yadda ranar Vinicunca take

Ana ɗaukar mutane daga masauki tsakanin ƙarfe 3 da 4:30 na asuba. Hanyar da yawancin kamfanoni ke bi ita ce ta Cusipata: kimanin awa biyu a kan kwalta, a tsaya karin kumallo, sannan wajen awa ɗaya a hanyar ƙasa mai kwana-kwana har inda motoci ke tsayawa, a kan mita 4,600 ko sama da haka. Akwai wata hanyar ta Pitumarca, kuma yana da kyau ka tambayi wacce za a bi, domin tsawon tafiyar ƙasa ya danganta da ita.

Daga nan ƙafa ce. Kilomita 3 zuwa 4 ne zuwa, hawan bai wuce mita 400 ba, amma yana cin awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Farkon hanyar yana yaudara. Kwari ne mai faɗi, hawan a hankali, garkunan alfaka, dabba mai yawan gashi dangin raƙumi, na kiwo a gefe, mutum ya ji kamar zai iya sauri. Nan yawancin mutane ke ɓata ranarsu: su ƙona ƙarfinsu a rabin awar farko, su iso gindin hawan ƙarshe babu numfashi. Wannan ƙarshen ne ainihin aikin, ɗan taƙi ne mai tsaye, wani wurin da matakala, inda za ka ga ƙarti suna taku goma suna tsayawa, hannu a gwiwa. Dabarar ita ce taku gajere, a hankali yadda za ka iya magana ba ka haki, ka riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, kuma in za ka huta ka huta a tsaye na minti ɗaya maimakon ka zauna sanyi ya shige ka.

Mutanen ƙauyukan wurin, masu magana da harshen Quechua, suna ba da hayar dawaki, su ja linzami suna tafiya a ƙasa. Ana biya da tsabar kuɗin ƙasar, wato sol, kuma ana yin ciniki kafin a hau. Dokin ba ya kai mutum har sama, yana tsayawa ne a gindin hawan ƙarshe. Abin da ya fi muhimmanci a gane shi ne doki maganin gajiyar ƙafa ne kawai. Wanda kansa ke sarawa yana amai, in aka ɗora shi a doki aka nufi sama, an ƙara masa ciwo ne. Irin wannan ƙasa zai nufa.

A sama, dutsen na gabanka kamar an shimfiɗa luru a kan tsauni, ratsi na bin ratsi daga ƙololuwa har gindi. Ba a hawa kansa, an kewaye shi, daga tudun da ke fuskantarsa ake kallo. In ka juya kuma sararin sama a buɗe yake, ga Ausangate mai mita 6,384 lulluɓe da ƙanƙara, dutsen da mutanen yankin ke girmamawa tun kafin zuwan Turawan Sifen. Da yawa daga masu zuwa sukan ce shi ya fi tsaya musu a rai. Ratsin kuwa shimfiɗu ne na laka da yashi da suka kwanta a kan juna shekaru miliyoyi, sai motsin ƙasa da ya ɗaga tsaunukan Andes ya karkatar da su suka miƙe. Jan tsatsar ƙarfe ce a cikin laka, rawayan daga ma'adinai masu farar wuta, koren daga ma'adinai masu ƙarfe da magnesiyam, farin kuma yashi ne da farar ƙasa. Sai wajen 2015 wurin ya shiga bakin duniya.

Matsalar Vinicunca ita ce cunkoso. Daga ƙarfe 9 zuwa 11 na safe a lokacin da baƙi suka fi yawa, ɗan tudun kallon kan cika har a yi layin ɗaukar hoto, iska na kaɗawa, jagora na kiran mutanensa bayan minti 20 zuwa 30. Wanda ya isa kafin 8 wani wuri dabam yake gani. Shi ya sa kamfanin da ke tashi ƙarfe 3 ya fi wanda ke tashi 5, duk da ɗacin tashin. Mai sauran ƙarfi na iya ratsewa zuwa Valle Rojo, kwarin da ƙasarsa ja ce wur, wanda ke kusa kuma ana biyan kuɗin shigarsa dabam. Yana ƙara kusan awa ɗaya, kuma ba kowane ayari ke jira ba, don haka a tsayar da maganar tun a ofis.

Palccoyo

Titi ɗaya ake bi, sai dai a wuce Cusipata a ci gaba ta Checacupe da Combapata, sannan a kama hanyar ƙasa a haura. Zaman mota ya fi tsawo, awa uku da rabi zuwa huɗu. Wasu ayarin kan tsaya a Checacupe, inda gadoji uku ke kusa da juna a kan kogi ɗaya: ta igiya irin ta Inka, ta dutse daga zamanin mulkin Sifen, da ta ƙarfe daga baya.

Mota na kai mutum kusan har wurin. Tafiyar ƙasa minti 40 zuwa awa ɗaya ce a kan hanya shimfiɗaɗɗiya mai ɗan hawa, kuma tun daga farkonta ake fara ganin launi. Duwatsu uku masu ratsi ake kallo a nan, a warwatse cikin fili mai faɗi, babu ɗaya a cikinsu da ya kai Vinicunca tsari da kaifin ratsi. Wanda ya zo neman hoton nan da ya gani a intanet ba zai same shi a Palccoyo ba. Abin da zai samu shi ne sarari da shiru, ya zauna a kan dutse yadda yake so babu mai tura shi. A can sama akwai Bosque de Piedras, tarin duwatsu masu tsini da suka miƙe kamar an kakkafa su. Hawansa gajere ne amma yana sa haki, kuma wanda bai iya ba ya tsaya a ƙasa bai yi asarar komai ba. Ausangate ma ana hango shi daga nesa in gari ya yi haske.

Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar Palccoyo a matsayin wurin da ciwon tudu ba ya zuwa. Tazarar tsayinsa da Vinicunca ba ta kai mita 200 ba. Sauƙinsa na ƙafa ne, kuma motar na nan kusa in abu ya ɓaci, wanda ba ƙaramar fa'ida ba ce. Amma mutum na fitowa daga mota ne kai tsaye a wurin da ya ɗara Kusko da fiye da mita 1,000, kuma jiri kan ɗebi wasu tun a takun farko. A sauko a hankali, a tsaya minti biyar kafin a fara tafiya.

Wanda ya kwana uku a tudu ba ciwon kai, yana iya tafiyar awa uku a ƙasa, kuma hoton nan ne ya kawo shi, ya je Vinicunca da ayarin da ya fi kowa sammako. Wanda ke tare da iyaye ko yara manya, ko mai ciwon gwiwa, ko wanda kwanansa biyu kacal a Kusko, ko wanda cunkoso ke ɓata wa rai, Palccoyo ne nasa. Ga yawancin iyalai shi ne zaɓin da ya fi dacewa. Wanda ya sauka Kusko jiya kuwa kada ya je ko ɗaya.

Lokacin zuwa

Rani a can daga Mayu ne zuwa Satumba. Sararin sama garau, launuka a fili, sai dai a Yuni da Yuli sanyin asuba kan sauka ƙasa da sifili, kuma a lokacin ne baƙi suka fi yawa, musamman kusa da Inti Raymi, bikin rana na Inka da ake yi 24 ga Yuni. Damina daga Nuwamba ce zuwa Maris, ta fi ƙarfi a Janairu da Fabrairu. A lokacin hanyar Vinicunca kan zama taɓo mai santsi, hazo ko dusar ƙanƙara na iya rufe dutsen gaba ɗaya, mutum ya sha wahalar hawa ya tarar da fari fat. Da damina Palccoyo ya fi sauƙin haƙuri, domin in ba a ga komai ba wahalar da aka sha kaɗan ce, kuma a wannan lokacin ne wani rafi a yankin ke komawa ja saboda ƙasar da ruwa ke wankowa. A ko wane lokaci, a sani cewa hotunan talla an ƙara musu launi. Na zahiri sun fi laushi, suna kuma canzawa da hasken rana.

Jagora da kaya

Kamfanonin sun yi yawa, kuma mafi arha yakan rage kuɗi ne a wurin da ba ka gani. Tambayoyin da za ka yi kafin ka biya: ƙarfe nawa za a ɗauke ni, mutum nawa ne a motar, jagora nawa ne gare su, akwai tukunyar oksijin da akwatin taimakon gaggawa kuma za a hau da su ko a mota za a bar su, kuɗin shiga na ciki ko a ƙofa zan biya. Maganar yawan jagorori tana da muhimmanci a Vinicunca. Ayarin mutum 18 da jagora ɗaya na nufin shi yana gaba da masu sauri, wanda ke shan wahala yana baya shi kaɗai. In ku huɗu ne ko biyar, ku duba farashin ɗaukar mota da jagora naku na kanku, ku tashi lokacin da kuke so, ku juya lokacin da kuka ga dama.

Sutura a yi ta hawa-hawa: riga mai riƙe ɗumi a ciki, suwaita, sannan jaket mai tare iska da ruwa, domin a yini ɗaya za ka ji sanyi mai daskarar da yatsu, ka ji rana mai ƙuna. Safar hannu, hular sanyi mai rufe kunne, takalmi mai ƙaya a ƙasa wanda ka riga ka saba da shi. Tabarau da man kare fata wajibi ne, har ga mai baƙar fata, domin ranar wannan tsayi na ƙona hanci da leɓe ko da gari da sanyi. Ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu, dabino ko gyaɗa a aljihu, takardar bayan gida, da ƙananan kuɗi na sol, tunda bayan gida da doki da ɗaukar hoto da alfaka duk biya ake yi kuma ba a karɓar kati. Sandar dogarawa ta fi amfani a gangarowa, inda gwiwa ke shan aiki kuma aka fi zamewa.

Ga mai sallah, tashin Vinicunca na nufin asuba za ta same ka a mota, kuma tsayawar karin kumallo kan zo dab da fitowar rana ko bayanta. Ka yi alwala a masauki, ka sanar da jagora tun jiya cewa kana buƙatar minti biyar a gefen hanya. Alƙibla daga can gabas ce, ta ɗan karkata arewa. A wurin cin abinci, kifin trucha, miyar quinua (wata ƙwaya mai kama da gero), dankali da masara da cuku sun wadatar. Chicharrón da adobo naman alade ne, chicha de jora giya ce, chicha morada kuwa ruwan masara ne mai launin shuni ba ya sa maye. Shayin ganyen coca ana ba baƙi a kusan kowane otal saboda ciwon tudu, kuma halas ne a dokar Peru, amma yana iya bayyana a gwajin fitsari na miyagun ƙwayoyi, sannan fita da ganyen zuwa wata ƙasa laifi ne babba. Wanda ke son ya kauce ya nemi shayin muña, wani ganye mai ƙamshin na'ana'a.

Kwanakin birni su zo a gaba

Kwanakin da ake jiran jiki ya saba su ne na ganin Kusko, birnin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1983. Ranar farko a yi kaɗan: dandalin Plaza de Armas, abinci mara nauyi, barci da wuri. Rana ta biyu a je Qorikancha, haikalin rana na Inka wanda Turawan Sifen, da suka shiga birnin a 1533, suka gina cocin Santo Domingo a kansa. Girgizar ƙasa ta 1950 ta lalata ginin Turawan, bangon Inka na tsaye. Ka matsa kusa ka dubi yadda aka sassaƙa duwatsun suka haɗu ba tare da laka ba, haka ma dutsen nan mai kusurwa 12 a layin Hatun Rumiyoc. Kasuwar San Pedro na da tafiyar minti goma daga dandalin, kuma nan ne wurin sayen safar hannu da hular sanyi da arha.

Rana ta uku ka hau Sacsayhuamán da ƙafa daga dandalin, wajen mita 3,700, inda wasu duwatsun ginin suka haura tan 100. Shiga na buƙatar Boleto Turístico, tikitin da cikakkensa ke aiki kwana 10 a wurare 16, amma Qorikancha da babban cocin birnin tikitinsu dabam. Wannan hawan gwaji ne mai kyau. In ka kai sama kana haki amma ka dawo daidai bayan ɗan hutu, kana iya Vinicunca. In kai ya sara, zuciya na tashi, ka ƙara kwana ko ka koma Palccoyo.

Wanda Machu Picchu, shahararren kufan Inka, ke cikin tafiyarsa ya fara da ita. Tana kan mita 2,430, Ollantaytambo da ke hanyarta wajen 2,800, duka ƙasa da Kusko, don haka kwana a can na saba wa jiki a hankali, dutse mai launuka ya zo a ƙarshe. Ba lallai ne a biya kuɗin hawan tun daga gida ba, a Kusko ana samun gurbi kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, bayan an duba yanayin sama da na jiki. Yajin aiki ko saɓani tsakanin ƙauyuka a kan kuɗin shiga kan rufe hanya wani lokaci, saboda haka a bar rana ɗaya ta rara, kuma kada a sa jirgin komawa Lima a yammacin ranar hawa, domin motar na iya kaiwa ƙarfe 6 ba ta shigo gari ba.